Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ladan kuturu

Jama'a assalamu alaikum. Wancan makon mun tsaya a inda na ajiye alli na bar koyarwa na ce zan fito takarar kansila a mazaɓarmu, to yau sai kun yi haƙuri da ni don wannan wurin har gobe in na tuna shi barci gagarata yake.

Lokacin Janar Abdulsalami ne, aka sa zaɓen ƙananan hukumomi ranar 5 ga Disamba 1998, shi aka fara yi kafin na gwamnoni da na shugaban ƙasa, jam'iyyun ma rajistar wucin gadi gare su, sai wadda ta kawo ƙuri'a za a bari, shi ya sa kowa ya zage dantse. Ni kuwa me gare ni? Tsohon babur da albashin malamin firamare. Sai ga wani alhaji ɗan kwangila, ba zan kama sunansa ba don ya rasu kuma 'ya'yansa muna gaisawa, ya aiko a kira ni, ya biya kuɗin fom, ya buga min fosta, ya ba da sabulu da gishirin da aka raba wa mata gida gida, ya ce shi don Allah ya yi.

Da dare na je na gaya wa Baffa ina ta murna. Ku da kuka san Baffa kun san ɗan NEPU ne na a mutu, ya sha ɗauri a kanta, hoton Malam Aminu bai taɓa barin zaurensa ba. Ya yi shiru yana jan carbi sannan ya ce, ɗan nan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce Baffa ai zamani ya canza. Bai ƙara cewa uffan ba.

Na ci zaɓe, kuma wallahi ci na gaskiya, ko akwatin unguwar abokin takarata ni na ɗauke. Aka rantsar da mu a 1999. Abu ɗaya na yi wa mutanenmu alkawari, gyaran asibitin sha-ka-tafi da rufinsa ya ruɓe tun zamanin soja, na yi ta zarya ofishin ciyaman a sakateriya har masinja ya gaji da ganina, ranar da aka sa hannu kuwa kafin in iso gida motar alhaji na ƙofar gidana. Askin ya zo kenan. Ni da bakina na koma na roƙa a ba shi aikin, ya kawo kwano mai kamar takarda da katakon da bai bushe ba, ina gani, ina tsaye a wurin, na kasa buɗe baki. Iskar farkon damina ta yaye rufin gaba ɗaya. A daminar nan ne 'yar Goggo ta tashi haihuwa cikin dare aka ɗora ta a amalanken shanu zuwa bakin titi, ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Goggo ba ta taɓa yi min maganar ba har ta koma ga Allah, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

A 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ina jin tsofaffin abokan aikina a rediyo suna ta cewa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ne ya hana mu aiki, eh gaskiya ne ya cuce mu ba kaɗan ba, amma rufin nan kuɗinsa ya fito cif, ba wanda ya riƙe shi a sama. Ladan kuturu ne na ci, Baffa ya faɗa min tun a zaure.

Amma masu zama a majalisar bakin kasuwa suna cewa da kuɗin rufin na gina gidana, ku ji tsoron Allah. Gonar fadama ta gadon Inna na sayar, dagaci da shaidu biyu suna raye, ku je ku tambaya. Ko kwabo ban karɓa ba.

Wa'adinmu ya ƙare a 2002 aka kawo kantoma, alhaji ya sake aikowa wai in shirya takarar ciyaman shi zai tsaya min. Lokacin Baffa na kwance ba lafiya, na je na zauna a bakin tabarmarsa da saƙon a bakina. Abin da ya wakana a ɗakin nan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.