Zamana da ɗaliban PGDE da 'yan mastas ɗin ilimi kafin su fita neman aiki

Ni dai ban taɓa zama na tsara cewa zan riƙa ba wa ɗaliban gaba da digiri shawara kan aiki ba, abin ya biyo ta hanyar TP ne kawai, wato koyon koyarwa a aikace. Makarantar da nake koyarwa a nan Kano sakandaren 'yan mata ce, duk shekara ana turo mana masu koyon koyarwa, wasu 'yan NCE wasu 'yan digiri, sai kuma 'yan PGDE waɗanda su dama sun gama digirinsu a wani fanni daban, kemistiri ko tattalin arziki ko Larabci, sun yi bautar ƙasa, sun sha zagayen neman aiki har takalmi ya suɗe, sannan suka dawo yin difloma ta ilimi don su samu shiga koyarwa. Tunda ni ce mataimakiyar shugaba ɓangaren karatu, hannuna ake damƙa su.

Wadda ta fara sa ni tunani wata yarinya ce mai digirin kemistiri, sakamakonta mai kyau sosai. Na ba ta aji biyu na babbar sakandare, yara sun haura tamanin, wasu huɗu huɗu a benci wasu a ƙasa kan buhu. Ko minti ashirin ba ta yi ba sai ga ta a ofis ido ya yi jawur, ta ce Malama wallahi ni ba zan iya ba, ina magana suna magana, na baya ma ko ji na ba sa yi. Na ce zauna 'yata, mu ga lesin not ɗinki. Ta miƙo min shafi huɗu cike da Turancin littafin jami'a, babu tambaya ko ɗaya da za ta jefa wa yara, babu misali daga abin da suka sani, alhali darasin kan asid da kishiyarsa ne, kuma duk yarinyar da ke ajin nan ta san tsamiya ta san kanwa tun daga madafin uwarta. Na ce gobe ki zo da ruwan tsamiya da ruwan kanwa da zoɓo marar sukari. Ta zo da su, na shige na zauna a bencin ƙarshe, ta zuba tsamiya a zoɓo ya ƙara ja, ta zuba kanwa a ɗayan kofin ya yi duhu ya juye kamar kore, sai ajin ya yi tsit, har na bayan suna ɗage don su gani. Da muka fito ta riƙe hannuna ta ce Malama me ya sa ba a taɓa nuna mana haka ba.

Wannan tambayar ta zauna min a rai. Daga nan na ce duk masu TP su riƙa zuwa ranar Asabar da safe mu zauna awa biyu a ɗakin malamai, sai wasu suka fara jawo abokansu, har 'yan mastas da ke zuwa makarantarmu raba takardun tambayoyi na bincikensu, daga BUK da ABU da masu yin PGDE ta NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a ƙarshen mako, su ma suka riƙa tsayawa. Yanzu shekara ta shida ke nan muna yi.

Abu na farko da na lura da shi, kusan duk ɗan mastas da ka tambaya me kake so ka yi, zai ce lakcarin. A farkon lokacin ni ma ina taya su, ina cewa Allah ya sa, ku dage, saboda ni kaina abin da na so ke nan lokacin da na gama nawa mastas ɗin. Akwai wani yaro mai hazaƙa da ya karanci tsarin manhaja, wata makaranta mai zaman kanta ta kira shi ya zama mai kula da karatu, ya zo ya tambaye ni, na ce masa ɗana kai da ke da wannan sakamakon ka ɗan jira, jami'a za ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Ya bi maganata. Shekara biyu cur yana jira yana kai takardu, ga mata ga jariri, daga ƙarshe sai da ya koma sayar da kati da caji a bakin titi kafin ya samu wata koyarwar da ba ta kai ta farkon ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, domin burina na ɗora masa ban tsaya na dubi halin da yake ciki ba. Na je har gidansu na ba shi haƙuri, ya ce haba Malama rabo ne, amma ni na san da bakina a ciki.

Tun daga lokacin na canza. Yanzu in mutum ya ce lakcarin, ba na kashe masa gwiwa amma ina shimfiɗa masa yadda abin yake. Mai mastas in an ɗauke shi a jami'a mataimakin lakcara yake farawa, sai ya yi digiri na uku hanya ke buɗewa sosai, kuma guraben ba su da yawa, kafin a tallata wasu an riga an san masu su. Da yawansu suna zaton TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, za ta biya musu kuɗin digiri na uku, sai na ce musu wannan tallafin na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, makarantarsu ce ke miƙa sunansu, wanda ke zaune a gida ba ya ciki. In na faɗi haka sai ka ga fuska ta sauya, amma gara su ji daga bakina da su ɓata shekaru. Ina ce musu ku kama koyarwar da ke gabanku, ku ci gaba da rubutu da karatu a gefe, in gurbin ya zo zai same ku da gogewa a hannu.

Sai maganar takardu, wadda ita kam ba ta da daɗin ji amma nan ne mutane ke faɗuwa. Na sha ganin ɗan mastas da bai yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, ba, wai shi yana ganin ya wuce nan. Hukumar nan tun 1993 dokar da ta kafa ta take, kuma ta kasa malamai gida huɗu, masu digiri na uku rukunin A, masu mastas B, masu digirin farko C, 'yan NCE kuma D, ana zana jarabawarta ne a kwamfuta. To akwai waɗanda sun iya danna waya ba dare ba rana amma in ka ajiye musu kwamfuta ka ce su riƙe linzami hannu rawa yake, don haka sai da na roƙi mai kula da ɗakin kwamfutar makarantarmu ya riƙa buɗe mana, kowa ya zauna ya saba. Ina kuma sa kowa ya kawo fayil ɗinsa in duba da idona, shaidar gama bautar ƙasa ko ta ɗauke wa mutum ita, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, a duba ko sunan da ke kan WAEC shi ne a kan digiri shi ne a kan NIN. Mun samu wata da sunan mahaifinta ke kan wata takarda, sunan kakanta a kan wata, sunan mijinta a ta uku, da ba mu gano da wuri ta je kotu ta yi rantsuwa ba da a wurin tantancewa za a dawo da ita.

Ina yawan tuna musu abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare jarabawa ta kuma sallami sama da dubu ashirin. Ko me mutum zai ce kan yadda aka yi abin, ya nuna cewa ana iya zuwa wata rana a ce ka zauna ka nuna abin da ka iya. Shi ya sa a zamanmu na Asabar rabin lokacin koyarwa ake yi, mutum ya tashi ya ɗauki alli ya koyar da mu minti goma kamar mu ne yaran, mu kuma mu yi masa irin tambayoyin yara. Makarantu masu zaman kansu masu kyau yanzu haka suke intabiyu, za a tura ka aji a tsaya ana kallo. Wani ɗan mastas ɗin nazarin halayyar ɗalibai, ya san sunan duk wani masani da ra'ayinsa, amma da ya juya yana rubutu a allo sai ya manta da mu gaba ɗaya, minti bakwai muna kallon ƙeyarsa. Sau biyar ya maimaita kafin ya iya rubutu yana waige yana magana. Shi ne daga baya ya turo min saƙo cewa an ɗauke shi, kuma abin da shugabar makarantar ta yaba shi ne yadda idonsa ke kan yara.

Kuɗi kuma ba na ɓoye musu. Mai digiri a aikin gwamnati mataki na takwas yake farawa, kuma duk da an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, akwai makarantun kuɗi da har yau abin da suke ba malami bai kai haka ba, in an yi hutu ma babu albashi. Wata daga cikin 'yan zamanmu wata makaranta ta karɓi ainihin satifiket ɗinta wai ajiya, da ta samu wani wurin za ta tafi aka hana ta sai ta cika shekara, sai da manya suka shiga tsakani. Tun daga nan nake nanata musu, kar ka ba kowa orijinal, hoto kawai, kuma kar ka fara aiki sai an rubuta maka albashinka da sharuɗɗa a takarda. Haka masu cewa kawo dubu ɗari kaza a samo maka takardar ɗaukar aiki, mun ga wanda ya sayar da filin gado ya ba su, takardar ta fito ta bogi. Na kuma gaya musu dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 ta aiki alheri ce ga irinmu da ke ciki, amma ga mai jiran gurbi tana nufin kujeru za su daɗe ba su zama fanko ba.

Ba aji ne kaɗai wurin mai ilimin koyarwa ba, wannan ma sai a hankali na gane. Akwai SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, da sashen duba makarantu, akwai shirye-shirye irin AGILE na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafawa, akwai aikin koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa wanda ke neman masu horar da malamai da masu rubuta littattafan yara da masu tattara bayanai. Waɗannan wuraren suna son wanda ya iya rubuta rahoto gajere mai ma'ana, ya iya Excel, ya iya Hausa a rubuce da ƙa'idarta, kuma abin mamaki wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba su wuya, mutum Bahaushe gaba da baya amma bai san inda ake raba kalma ba. Sai dai ina gargaɗinsu cewa aikin kwangila ne, kuɗin na iya tsayawa rana ɗaya kamar yadda aka gani da ayyukan da Amurka ke tallafawa a 2025.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin na koya shi ne tambayar gida. Akwai wata baiwar Allah da na yi ta turawa ta nemi aiki a wata jiha, na gyara mata CV, na rubuta mata takardar shaida, ita kuma kullum sai ta ce to Malama, ba ta taɓa turawa ba. Har na fara jin haushi. Ranar da na tsare ta mu biyu na ce ƙanwata gaya min gaskiya, sai ta fashe da kuka ta ce surukarta ce kwance ba lafiya ita ke jinya, maigidan kuma ya ce aiki sai dai cikin unguwa, kunya ta hana ta faɗa min ganin yadda nake ta ɗawainiya. Muka ajiye CV gefe muka ɗauko takarda muka fara lissafin zauren gidansu, tabarma nawa zai ci, allo nawa ne, yara nawa ne a layinsu da suka kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba, nawa iyaye za su iya biya a wata ba tare da sun takura ba. Ta fara da yara tara bayan la'asar.

Watan jiya na je ganin ta, na tarar sun kai talatin da wani abu har ta ɗauki wata 'yar NCE tana taya ta, ta kasa yaran gida uku bisa abin da kowa ya iya ba bisa ajinsa ba, masu baƙaƙe daban, masu gaɓoɓi daban, masu karanta labari daban. Ta shimfiɗa min darduma a gaba na ce a'a, na wuce can baya kusa da takalma na zauna na ciro littafina. Da aka tashi ta zo ta durƙusa ta ce Malama me kika gani, na ce muryarki ta kai ƙarshen zaure, amma yaron nan na kusa da ƙofa bai buɗe baki ba tun da na zo, gobe ki fara da shi.