Abin da wabi ya koya mini

Da malamina ya ba ni bincike kan gyaran ƙwayoyin halitta, na ɗauka aikin kwamfuta ne: in zauna in tattaro abin da Turawa suka yi. Na karanta labarin Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, wanda hantarsa ba ta iya kawar da amoniya sosai, wato wata guba da jiki ke samarwa in ya sarrafa abinci. A 1999, a Jami'ar Pensilbaniya, aka ɗura masa ƙwayar cutar da aka hore don ta kai gyara cikin hanta, jikinsa ya yi mata bore, bayan kwana huɗu ya rasu. Sai kuma jariri KJ na Filadelfiya, mai irin wannan matsala ta amoniya, da aka ƙera masa maganinsa shi kaɗai a 2025, cikin kimanin wata shida. Ni dai sai sha'awa nake, kamar mai kallon hawan Sallah daga kan katanga.

Ana haka aka tura ni ɗakin jarirai. Wata mata daga Kurna ta kawo ɗa mai kwana uku, ya ƙi nono, sai amai da barci. Kakarsa ta ce na uku ke nan, duk ba sa kai ranar suna.

"Wabi take yi, likita."

"Hajiya, akwai zumunta tsakaninta da maigidan?"

"Ai ɗan baffanta ne."

Gabana ya faɗi. In uwa da uba suna ɗauke da ƙwaya mai tawaya iri ɗaya, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya gaji cutar, kamar dai sikila. A ciki mahaifa ke tace masa gubar. Da ya fito ya fara shan nono, sai amoniya ta taru ta hau ƙwaƙwalwa. Jinin gwajinta kuwa sai an tsoma cikin ƙanƙara an ruga da shi. A daren ba mu samu yi ba. Da asuba ya koma, aka rubuta ƙwayar cuta a jini.

Babin farko na bincikena sai da na sake shi, na faro daga gano cuta, don ba a gyara ƙwayar da ba a gano ba, ko da akwai dala miliyan 2.2 da ake sayar da Casgevy, maganin sikila na gyaran ƙwayoyin halitta. Yanzu duk jaririn da ya ƙi nono, nakan tambayi yayyensa nawa suka rasu, suna da kwana nawa. Maganar zumuntar ce har yau nake taunawa kafin in furta, musamman in uwar miji na tsaye.