Fentin da ya ci min wake buhu 40

A watan Fabrairu na kama sito a bayan kasuwar Mile 12 da ke Legas, ta wajen Owode. Rani ne, ƙasa a bushe ƙamas, ga farin yashi kamar na rafin garinmu, haya kuma da sauƙi. Bangon an yi masa sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu, na sama tsoho ne. Da idona na gani, har da yaba wa mai gidan wai yana da tsafta.

A Oktoba ruwa ya shigo, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba. Ta kwata ya biyo a hankali, ya riƙa ɓullowa ta tsagar siminti. Kafin yarana su samo mota, buhunan da ke ƙasa sun sha sun kumbura, ɗinki yana fashewa. Wanda ya taɓa shaƙar warin jiƙaƙƙen wake na kwana 3 ya san halin da na shiga.

Wani dattijo Bayarabe da ya taya mu kwasa ne ya ce, "Alhaji, ai ina yaro da kwale-kwale muke bi ta nan." Kogin Ogun ta nan yake zubewa cikin tafkin Legas. Ƙarshen damina kogin ya cika, an saki ruwan madatsa daga can sama, teku kuma idan ya ciko yana tokare tafkin. Ruwa ya rasa mafita, sai ya koma tsohuwar fadamarsa, wadda aka rufe da yashi aka ɗora min sito a kai.

Abin haushin, a gida ko da dare zan gane fadama, daga laka da irin ciyawarta. A Ikko an lulluɓe ta da siminti. Sunayen ma suna faɗa, ni ne ban saurara ba. Legas kalmar Turawan Fotugal ce, tana nufin tafkuna. Ebute Metta da Yarbanci matsayar jiragen ruwa uku ke nan. Iddo tsibiri ne a da. Unguwar Maroko da aka rushe a 1990, yashi aka zuba kafin manyan gidaje su tashi.

Yanzu kayana suna Agege, a kan tudu, kuma duk da haka bisa katako. Kafin na biya sai da na tambayi mai shayin layin inda ruwa ya tsaya bara, don dillali ba zai faɗa ba.

Makon jiya na bi ta tsohon siton. An sake fenti, wannan karon har ƙirji.