Ɗaurin aure ba a maimaita shi: sana'ar ɗaukar bidiyo a Gombe

Mafi yawan waɗanda na sani suna cin abinci da ɗaukar bidiyo a garin Gombe ba su taɓa zama a aji an koya musu wannan aiki ba, kuma ni ma ina cikinsu. Ƙaramin kamfanin da nake gudanarwa a Tudun Wada, wanda ke ɗaukar bukukuwan aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani da tallace-tallacen 'yan kasuwa, daga sha'awa kawai ya samo asali: wayar hannu, da 'yar data, da darussan da ake sakawa kyauta a YouTube. A wancan lokaci abin da ya burge ni nake ɗauka, kamar dawakin hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, da masunta a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, da hada-hadar masu hatsi a kasuwa, sannan in haɗa su a waya in nuna wa abokai. Babu wanda ya biya ni, saboda haka babu wanda zai tuhume ni idan hoton bai fito ba.

Sana'a tana farawa ne daga ranar da mutum ya karɓi kafin alƙalami, domin daga nan abin da zai ɗauka na wani ne, kuma ba zai tsaya jiransa ba. Mai ɗauka don nishaɗi idan rana ta ɓata masa hoto sai ya koma gobe, amma ɗaurin aure ba a maimaita shi. Duk wanda ya saba halartarsa ya san gajartarsa: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, jama'a su shaida, liman ya yi addu'a a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar cewa an ɗaura. Cikin 'yan mintoci an tashi an shiga gaisawa, kuma waɗannan 'yan mintocin su ne iyalan biyu za su fara nema idan aka kai musu aikin. Kusan dukkan ƙa'idojin da muke bi daga wannan gajarta suka fito. Mukan isa wurin tun kafin a shimfiɗa tabarmi, mu tambayi inda liman zai zauna da ɓangaren da waliyyi zai fuskanta, mu kafa kyamara ɗaya a kan sandarta mai ƙafa uku ta ɗara kan jama'a tsayi, domin da zarar an fara siga wayoyin mahalarta sukan ɗago su tare mana gaba. Kyamara ta biyu tana hannun wanda zai kutsa ya zauna kusa da liman. Ba ma fita da batir ɗaya ko katin memori ɗaya, kuma kyamarar da ke iya ajiye hoto a kati biyu lokaci guda ita muke ba wa aikin da ba ya jure asara.

Abin da masu koya wa kansu suka fi jinkirin ganewa shi ne sauti. Mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan duhu ko mai ɗan rawa, amma ba ya haƙuri da muryar da iska ko ƙarar janareta ta cinye, musamman idan muryar waliyyi ce tana ba da aure. Makirufon da ke jikin waya ko kyamara abin da ya fi kusa da shi yake kwasa, wato numfashin mai ɗauka da hirar waɗanda ke tsaye a bayansa. Saboda haka mukan ajiye ƙaramar na'urar naɗar murya a gaban liman, ko mu nemi izini mu maƙala makirufo a wuyan rigar mai magana. A wurin walima ko taron da aka kafa lasifika, mukan nemi mai kayan sauti tun da wuri, mu gaisa da mutunci, mu roƙe shi ya ba mu layi ɗaya daga na'urarsa, amma duk da haka namu makirufon yana nan a kunne, saboda idan mai kayan sautin ya ƙure murya sautin yakan fashe, fasasshen sauti kuwa gyaransa wahala ne, kuma ba ya komawa yadda yake. Da hunturu, idan ba a rufe kan makirufo da soso ko gashin da aka yi don haka ba, abin da za a dawo da shi gida gurnanin iska ne.

Hasken rana a nan yana da nasa hali, wanda yawancin darussan intanet ba su cika tsayawa a kansa ba. Ana yawan ɗaura aure da hantsi ko bayan sallar Juma'a, rana tana tsakiya, maza sanye da farar shadda da aka buga tana ƙyalli. Kyamarar da aka bari ta auna haske da kanta takan ga fari ya yi yawa ta rage, sai babbar riga ta fito tas har da aikin da ke ƙirjinta, fuskar mai rigar kuwa ta nutse cikin duhu, idanu su ɓace. Magani shi ne a auna hasken a kan fuska a kulle shi, ko da rigar za ta ɗan wuce ƙima, tunda ba rigar aka zo gani ba. Idan an shiga gaishe-gaishe mukan lallaɓa ango da abokansa zuwa inuwar darbejiya ko gindin katanga. Rumfar haya mai ja ko shuɗi ita ma abar lura ce, domin launinta yakan sauka a fuskokin duk waɗanda ke ƙarƙashinta, kuma fitar da shi daga fata a wurin tacewa, wato yanka da haɗa bidiyon bayan an ɗauka, yana cin lokaci.

Da dare matsalar takan sauya. Sau da yawa matasa sukan kawo mini bidiyon da suka ɗauka a ɗakin taro suna tambayar dalilin da ya sa haske ke ƙyaftawa, ko wasu ratsi-ratsi ke gangarowa a kan hoton. Dalilin shi ne wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60, kuma wayoyi da kyamarori da yawa sukan zo a saite a kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, wanda ya dace da tsarin Amurka. Idan aka mayar da su hoto 25 ko 50, aka daidaita saurin buɗe idon kyamara da wannan lissafi, ƙyaftawar takan ɓace a ƙarƙashin mafi yawan fitilu. Sai dai ƙaramin janaretan da ke hawa yana sauka ba ya bin wannan lissafi, shi ya sa muke tafiya da fitilunmu masu batir.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, domin kowane mai sana'a ya san shi. Kyamara da gilashinta da batir duk daga waje ake shigo da su, mu kuma daga Kano ko Legas muke saye, saboda haka faɗuwar darajar naira da cire tallafin man fetur a shekarar 2023 sun taɓa mu ta fuska biyu: kayan aiki sun yi tsada, man da ake zuba wa janareta a zauna tacewa shi ma ya yi tsada, har ya sa muka koma ga sola da batir don kwamfuta. Aikin da ke wajen gari, a Kumo ko Dukku ko Bajoga ko Billiri, dole a lissafa kuɗin mota a cikinsa tun farko. Ga kuma zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da waya ko kyamara kan yi zafi ta kashe kanta tsakiyar ɗauka, da ƙurar hunturu da ke shiga cikin kyamara duk lokacin da aka sauya mata gilashi a fili.

A wurin tacewa ne ake gane wanda ya fahimci jama'arsa. Manhajojin waya irin su CapCut da KineMaster sun sauƙaƙa koyo ƙwarai, kuma wanda ya samu kwamfuta mai ɗan ƙarfi yana iya sauke DaVinci Resolve kyauta ya yi aikin da a da sai babban situdiyo. Amma sauƙin ya zo da nasa ciwo, domin sabon mai koyo yakan so ya nuna duk kwalliyar da manhaja ke da ita, hoto ya juya, ya tarwatse, ya shigo ta gefe, har mai kallo ya kasa tsayar da ido a kan fuska ɗaya. A ganina yanka mai sauƙi a wurin da ya dace ya fi wannan duka. Kuma biki ɗaya masu shi biyu ne. Amarya da ƙawayenta gajeren bidiyo suke so, na tsaye, wanda zai cika fuskar waya a sa shi a WhatsApp ko TikTok tun kafin lalle ya goge. Iyaye kuwa dogon suke so, na kwance, wanda za a zauna a falo a kalla a talabijin ana nuna mutane ɗaya bayan ɗaya. Tambayar uwar amarya ba ta wuce irin wannan: "Malam mai hoto, ina Baffanmu na Deba? Tun asuba ya taso, ban gan shi a ciki ba." Babu kyan launi da zai amsa wannan tambaya. Shi ya sa a kowane biki mukan nemi a haɗa mu da wani ɗan gida wanda ya san dangi, ya riƙa nuna mana dattawan da ba a tsallakewa, ko da sun zauna a can gefe ba su ce uffan ba.

Miƙa aiki ma ya sauya hannu sau da yawa, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa filashi, yanzu kuma mutane da dama cewa suke yi a turo musu ta waya. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau idan aka tura shi kai tsaye, saboda haka mukan tura shi a matsayin fayil don ya isa yadda ya fita daga kwamfuta. Waƙar da za a ɗora a kai ita ma tana da magana, domin masu biki sukan zaɓi wadda ake yayi, alhali tana da mai ita, kuma YouTube da Facebook suna iya gane ta su kashe sautin ko su tare bidiyon. Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma tun kafin ita ma cin gumin mawaƙi ba tare da izininsa ba bai dace da wanda shi ma yake jin zafi idan aka kwashi aikinsa aka goge sunansa ba.

Abin da ya fi kowane nauyi a wannan sana'a amana ce. Ana shigar da mu wuraren da ba a shigar da baƙo, wurin kamu da sa lalle da buɗar kai, inda mata suke sakewa a tsakaninsu. Gidaje da yawa ba sa yarda namiji ya shiga, kuma suna da gaskiya, shi ya sa muka koya wa mata biyu aikin, su ke ɗaukar ɓangaren mata, kuma idan masu gida sun buƙata su ke tace shi. Ƙa'idarmu ita ce ba ma saka ko daƙiƙa ɗaya ta bikin wani a shafinmu don talla sai da izinin masu shi a bayyane, kuma ma'aikaci ba ya kwafar aikin kamfani zuwa wayarsa. Matashin da ya taso da neman mabiya a intanet wannan ƙa'ida takan yi masa nauyi, domin ya ga hoton da ya tabbata zai ja jama'a amma an ce ya bar shi a rumbun kwamfuta. Nakan gaya masa cewa matar da ke rawa a cikin wannan hoto matar wani ce ko 'yar wani, ba don duniya ta yi ba, kuma Gombe gari ne da kowa ya san kowa: bidiyo ɗaya da ya fita ba da izini ba ya isa ya rufe wa kamfani ƙofofin unguwa guda.

Wasu abokan sana'a suna kukan cewa masu waya sun ɓata kasuwa, tunda ana iya ce maka, "Ai yaron gidanmu ma yana yi." Ni ban ɗauke su abokan gāba ba, domin daga cikinsu na fito, kuma daga cikinsu nake ɗaukar ma'aikata. Wanda ya zo yana cewa, "Oga, ina so in koya," ba na tambayarsa irin wayar da yake riƙewa. Nakan ce ya je ya ɗauko mini mai shayi yana haɗa shayi, ko tela yana ɗinki, daga farko har ƙarshe cikin minti ɗaya, da izinin mai sana'ar. A nan nake ganin ko ya san ya tsaya cak ya bar abu ya faru, ko ya matsa kusa ya nuna hannu da kofi da tururi, ko ya kula da abin da ke bayan mutum, ko kuma ya saurari abin da ya naɗa kafin ya kawo. Wanda ya yi wannan da tsohuwar waya zai iya riƙe kyamara cikin ɗan lokaci. Duk da haka ba a fara ba shi ɗaurin aure. Yakan fara da riƙe fitila da ɗaukar masu shigowa, sannan kyamara ta biyu, sai an ga natsuwarsa a cikin cunkoso kafin a bar masa ta farko.

Wani aiki da ke ƙaruwa a shagonmu shi ne na mutanen da ke zuwa da tsofaffin kaset da faifan bikin iyayensu suna so a mayar musu cikin filashi. Wasu kaset ɗin zafi da ƙura sun riga sun cinye su, faifai kuma ya karce, sai a ceto abin da ya samu. Filashi da waya su ma ba su da tabbas, suna ɓata, suna lalacewa. Saboda haka kowane aiki muna ajiye shi a rumbun kwamfuta biyu daban-daban har tsawon shekara guda, kuma a takardar da muke ba mai biki ranar karɓar aiki mun rubuta masa ranar da za mu goge namu, tare da shawarar ya kwafi nasa a wuri biyu, ɗaya a gidansa, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa.