Alhamis a Zengo: layin fiba, tsohuwar kwamfuta da batirin agogo

Alhamis, Damagaram.

Yau aikin cibiyar Baba Alhaji ya cinye mini yini. Cibiyar koyon kwamfuta ce a Zengo, ɗakuna biyu da biro, inda ɗaliban Jami'ar André Salifou ke zuwa buga takardunsu, da yamma kuma ƴan sakandare su cika aji. Tun da aka ja masa layin fiba kukansa ɗaya ne: kuɗi na fita duk wata, amma da la'asar ko wasiƙa ba ta buɗuwa. Dalili kuwa a fili yake. Kalmar sirrin wifi ta zaga unguwa, duk dare samari na jere a gindin katangarsa kowa da waya a hannu, akwatin da kamfani ya kafa kuma bai san ɗan gida ba balle baƙo. Na ba shi shawara a sa na'urar katangar tsaro tsakanin akwatin da sauran kwamfutoci. Ya ce in dai ba sabon abu za a saya ba, bismilla.

Ba a saya ba kuwa. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da ya taho da ita daga Kano, tana kwance ƙarƙashin benci ta sha ƙura. Jiya da dare na hure ta, na ƙara mata kati mai ramin waya biyu, na ɗora mata pfSense, manhajar da ke mayar da kwamfuta katangar tsaro. Da zaɓina ne da ƙaramin akwatin MikroTik na ɗauko, na'urar da aka ƙera don wannan aiki, irin wanda yawancin abokan aikina ke so, don ba ya cin kuran kuma ba ya buƙatar fanka. A zafin garin nan da ke haura digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma mai kuɗi ya riga ya yi magana.

Da safe na hau kabu-kabu da ita a cinya. Hanya ta cushe saboda yau kasuwar Dole ke ci, motocin ƙauye da amalanke ko'ina, sai da muka zagaya ta bayan gari.

Abu na farko da na taɓa, tun kafin in haɗa wata waya, shi ne adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan layi. pfSense kan zo da 192.168.1.1 a ɓangaren cikin gida, akwatin kamfanin shi ma lambarsa ke nan. In aka haɗa su a haka, na'urar ba za ta gane ina ne ciki ina ne waje ba, sai mutum ya wuni yana zargin waya. Na mayar da cikin gida 192.168.20.1, na ce ta riƙa raba wa kwamfutoci adireshi daga 100 zuwa 199, na bar na ƙasa don firinta da kamarori. Kalmar sirrin da take zuwa da ita kuwa duk wanda ya taɓa ganin pfSense ya san ta, don haka nan take na sauya.

Sai babban zaɓi. Hanya mai sauƙi ita ce a bar akwatin kamfani yana aikinsa, katangar ta karɓi adireshi daga gare shi kamar kowace kwamfuta. Zai yi aiki, minti biyar an gama. Sai dai ya zama gida mai zaure biyu, kowane zaure da mai gadinsa, duk saƙo sai an sauya masa adireshi sau biyu kafin ya fita, ranar da wani abu ya tsaya kuma ba ka san mai gadin da za ka tambaya ba. Ni na fi son a mayar da akwatin gada kawai, ya miƙa layi, katangar ta yi kiran PPPoE da kanta, wato ita ce za ta gabatar da kanta ga kamfani a buɗe mata layi. Wannan kuwa sai da suna da kalmar sirrin da kamfani ya bayar ranar da aka ja layi.

Na ce, "Baba Alhaji, takardar da suka bar muku ranar kafawa fa?"

Ya ce, "Wace takarda kuma, ɗana? Ai sun haɗa ne suka tafi."

Na kira lambar kamfanin. Wanda ya ɗauka ya ce in kashe akwati in kunna. Na sake yi masa bayani da Faransanci, na maimaita da Hausa, ya ce sai dai mai layin ya zo bironsu da katin ɗan ƙasa. Ana cikin haka sakatariyar cibiyar, wadda ba ta ce uffan ba tun safe, ta jawo wata ambulan daga cikin rasidan wuta da na ruwa ta ajiye a gabana. Ga suna, ga kalmar sirri, an rubuta da alƙalami a bayan takardar kwangila. Allah ya yi mata albarka, ita ce ta ceci yinin nan.

Na shigar, na bar girman kowane ƙunshin saƙo a 1492 kamar yadda PPPoE ke so, tunda yana cin 8 daga cikin 1500 na asali. Daƙiƙa kaɗan layi ya yi kore. Sai dai adireshin da ya zo ya fara da 100.72, ina ganinsa na san akwai magana. Duk abin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 ba adireshin duniya ba ne, na raba-daidai ne da kamfanoni ke ba kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda, tunda lambobin IPv4, wato irin waɗannan adireshin, sun yi ƙaranci. Ma'ana burin Baba Alhaji na ya zauna a Kano ko Yamai yana kallon kamarorin cibiya ta hanyar buɗe ƙofa a katanga ba zai yiwu a haka ba. Ko ya biya ƙari duk wata a ba shi adireshi nasa, ko a haɗa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta sirri, da zai fita daga ciki zuwa wata sabar a waje. A raina ban ji haushi ba. Kamarar da aka buɗe wa ƙofa kai tsaye, ba mai ita kaɗai ke kallo ba.

Bayan azahar ne abin ya so ya ba ni ciwon kai. In na aika gwaji zuwa 8.8.8.8, wani adireshin Google, amsa na dawowa lafiya lau, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗuwa da suna. Layi na nan, masu fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi ne suka ƙi. Na duba kusurwar allo sai na ga kwamfutar katangar na zaune a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogonta ya mutu, kuma mai neman sunaye na pfSense yana tantance sa hannun DNSSEC, hatimin da ke nuna amsa ba ta jabu ba ce, wanda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Agogo ya ɓata, duk sa hannu ya zama na ƙarya a idonsa. Abin dariyar shi ne, don ta gyara agogo daga intanet sai ta nemi sabar lokaci da suna, sunan kuma ba zai samu ba sai agogo ya gyaru. Na saita kwanan wata da hannu, komai ya buɗe. Na aiki yaron cibiyar wajen masu gyaran agogo ya sayo sabon batiri, CR2032, domin in ba haka ba duk ɗaukewar wuta sai an koma gidan jiya.

Ramin waya na uku na ajiye shi ne don layin ko-ta-kwana, wani akwatin 4G na Huawei da ke kan 192.168.8.1. Baba Alhaji ya so ya hana, wai ɓarnar kuɗi ce. Na tuna masa ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma ƙasashe da dama suka shiga duhu. Mu da ba mu da teku, intanet ɗinmu ta ƙasar wasu yake ratsowa, ga kuma nisan da ke tsakaninmu da Yamai, kusan kilomita 900, inda mai haƙa rami ɗaya ya isa ya yanke waya. Na haɗa layukan biyu rukuni guda, fiba a matakin farko, 4G a na biyu, kowanne da adireshin da yake leƙawa don a san yana raye. Na zare wayar fiba a gabansa, bayan ɗan jim shafi ya ci gaba da buɗuwa. Ya ce, "Ikon Allah."

A nan na kafa sharaɗin da na fi jin daɗinsa a duk aikin. Kwamfutar sakatariya da ta biro kaɗai ke da izinin komawa 4G. Na aji, in fiba ta tafi, su ma sun tafi. In ba haka ba yara za su cinye kuɗin wata guda a kallon bidiyo kafin magariba, ba wanda ya sani. Dokokin shigowa daga waje ban taɓa su ba, a rufe suke tun asali, haka na bar su. Shafin sarrafa katangar ma daga kwamfutar biro kaɗai ake iya buɗe shi.

Dab da magariba wuta ta ɗauke. Katangar ta tsaya da ƙafarta saboda tana kan ondilar, akwatin batirin da ke riƙe wuta, amma intanet ya yanke ɗif, domin akwatin fiba da na 4G duk a soket ɗin bango suke, can ɗaya ɗakin. Wayar da za ta kai su ga ondilar ba ta kai tsawo ba, shaguna kuma sun fara rufewa. Baba Alhaji ya ce gobe bayan Juma'a zai sa a sayo mita goma. Wifi na baƙi ma sai goben, shi zan ware masa nasa layi da iyakar gudu. Ya tambaye ni sabuwar kalmar sirrin wifi don ya ba wani ɗan ƙanensa, na ce, "Baba, a yi haƙuri sai na baƙin ya tashi." Bai ji daɗi ba, amma ya sa an kawo mini fura da kuɗin kabu-kabu.