Gyaran gangaren da ke bayan gida saboda yara

A Kaduna ruwan Agusta ne ke fara cinye gangare. Don haka a yanka ƙasar hawa-hawa, tsayin kowane hawa kada ya wuce santimita 60. Katangar da za ta tare ƙasa a gina ta da bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare da rodi. A zuba tsakuwa a bayanta, a bar kafar ruwa a gindinta duk bayan mita 1, domin ruwan da ya rasa mafita shi ke ture katanga.

A dasa ciyawar jema a bakin kowane hawa, saiwarta na riƙe ƙasa sosai. Lilo sai a hawan da ya fi faɗi, da yashi mai zurfin santimita 30 a ƙarƙashinsa. Tazarar sandunan shinge kuwa kada ta kai santimita 10, kada kan yaro ya maƙale.