Godiya bayan tiyatar kunnen ƙanwarmu

Alhamdu lillahi, an sallamo ta, tana gida. Waɗanda suka bi mu tun farko sun san zirga-zirgar da aka sha, ba sai mun maimaita ba. Gajiya ce kawai ta rage.

Masu bugo waya suna tambaya ko ciwon daji ne, ku kwantar da hankalinku. Sakamakon gwajin abin da aka ciro ya fito, ostiyoma ne, tsiron ƙashi mai tauri da ke girma a hankali, ba ya yaɗuwa. A ramin kunne na waje akan gamu da shi jefi-jefi, amma a kunnen tsakiya, bayan dodon kunne, da wuya a gan shi. Sai a 1964 aka fara rubuta irinsa a mujallar likitoci.

A wannan ɗan ɗaki na kunnen tsakiya akwai ƙasusuwa uku a sarƙe: guduma, maƙera da likkafa. Likkafar ba ta wuce milimita 3 da 'yan kai ba, babu ƙashin da ya kai ta ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Sauti ya bugi dodon kunne, guduma ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, ita kuma ta tura shi cikin katantanwar da ke kunnen ciki. Nata tsiron daga bangon ciki ya taso ya tokare maƙera, sarƙar ta daina motsi. Shi ya sa babu zafi, babu mugunya, ji ne kawai ya yi ta raguwa a kunnen hagu. Gwajin ji ya nuna tazarar desibel 40 (ma'aunin ƙarfin sauti) tsakanin ji ta ramin kunne da ji ta ƙashin kai, wato jijiyar ji lafiya lau take, hanya ce ta toshe. Ɗigon man zaitun da wankin kunne ba sa kaiwa can. Hoton siti-sikan na ƙashin gefen kai ne ya fito da shi fari fat. Duk wanda kunnensa ɗaya ke ja baya, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan cikin Kaduna, ya je a auna shi, ya bar zaryar kemis.

Abin da ya hana mu barci jijiyar fuska ce. Ta cikin wannan bangon take bi, dab da saman likkafa, kuma a wasu mutanen ƙashin da ya lulluɓe ta bai rufe duka ba. Da injin guga mai bakin lu'ulu'u ake cin tsiron kaɗan-kaɗan, ana kwarara ruwa, domin zafin gugar kaɗai ya isa ya lahanta ta. In ta taɓu, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Kafin a kunna injin ma sai da aka raba maƙera da likkafa, kada girgiza ta shige kunnen ciki ta kashe jin gaba ɗaya. Maƙerar ba ta moru ba, an sa ɗan ƙarfen titaniyom a gurbinta.

Da ta farfaɗo, wata dattijuwar nas ta zagaya ta kunnen dama, ta sunkuya ta ce, "'Yata, ɗaga gira. Runtse ido. To, yi wa Inna murmushi." Gefen biyu suka motsa tare. Inna ta zame ƙasa ta yi sujada, nas ɗin ta tsaya riƙe mata da mayafi har ta ɗago. Baiwar Allah, ko sunanki ba mu tambaya ba. Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya miki zuri'a.

Mun san ba sa son a ambace su, sai dai su yi haƙuri. Kawunmu na Tudun Wada da ya biya kuɗin hoto tun ba mu buɗe baki ba. Goggo ta Rigasa da kununta na kullum asuba. Maƙwabcinmu mai Keke Napep da ya ƙi karɓar ko sisi. Likitocin kunne da mai allurar barci. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya yaye muku damuwarku, Ya tsare ku da kwanan asibiti, Ya sa ku gama da duniya lafiya. 'Yan uwan da ke nan Kawo amma hanya ta yi musu nisa, da waɗanda suka yanke hukuncin iska ce daga ɗakunansu, mun gode da saƙon waya.

Masu zuwa dubiya, ku zauna ta damanta, kunnen hagu cike yake da auduga tukuna. Ba za ta fyace majina ba, atishawa kuma baki buɗe, saboda bututun da ya haɗa hanci da kunnen tsakiya na iya tura iska ta ture ƙarfen. Wajen wanka auduga mai Vaseline take sawa, kada ruwa ya shiga, kuma banda ɗaukar bokiti. In ta ce miyarku tana ɗanɗanon ƙarfe kada ku ji haushi, jijiyar ɗanɗano ta cikin kunnen take ratsawa, yakan wuce da kansa. Sai an sake gwajin ji nan da mako 8 za a san iya abin da ya dawo, a ci gaba da sa ta a addu'a.